Shinkafar Gidan Sufeto

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aiki a babbar ma'ajiyar hatsi da ke bayan tashar manyan motoci, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa ba shi muƙamin sufeto ba. A takarda, mai duba ingancin kaya ne. Leburori ne suka laƙaba masa Sufeto saboda yadda yake zagaya buhuna da hannuwa goye a baya, sunan kuma ya biyo shi har gida, har ta kai jikokinsa ba su san yana da wani suna ba.

Aikin nasa ba mai hayaniya ba ne. Yana da wani tsinken ƙarfe mai rami a ciki, tsawonsa kamar kamu ɗaya. Mota ta tsaya, ya soka shi a buhu, ya zaro, shinkafa ta zubo a tafin hannunsa. Ya duba, ya shinshina, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya tauna. Daga nan sai hukunci. In ya ce a sauke, a sauke. In ya ce a koma da ita, to ko direba zai yi kuka sai ya juya. Duk cikin shinkafa ba wadda yake girmamawa kamar siririyar nan mai dogayen ƙwayoyi, wadda in ta bushe yadda ya kamata takan ce ƙas a tsakanin haƙora. Gajeriyar kuwa yakan ce ba shinkafa ba ce, 'yar uwar shinkafa ce.

Tun yana aiki ya mayar da ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin sito. Ya sa ganguna uku na roba masu murfin murɗawa, ya ɗora su a kan katako don kada su sha sanyin siminti, ya bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango. Kowace ganga da takardarta a manne: ranar da aka zuba, da ranar da zai sake dubawa. Dokar sito ɗaya ce, irin ta ma'ajiya: wadda ta fara shiga ita za ta fara fita. Saboda haka duk sabuwar shinkafar da ta shigo gidan sai ta shiga ganga ta uku ta bi layi. Kafin layi ya zo kanta ta tsufa. Haka aka yi shekaru a gidan mutumin da ya fi kowa sanin shinkafa ba a taɓa cin sabuwa ba. Yaran sun tashi da zaton warin roba yana cikin halittarta. Autarsu ta taɓa cin abinci a gidan ƙawarta tana 'yar makaranta, ta dawo tana ba da labarin cewa su can turare suke sa wa tasu.

Duk baƙon da ya zauna ya wuce rabin sa'a sai an kai shi ya ga sito.

"Ƙwaro bai taɓa kwana a ɗakin nan ba," Sufeto yakan ce, yana bubbuga murfin ganga. "Ai sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga."

Abu ɗaya ne bai taɓa yi wa shinkafa ba, shi ne dafa ta. Wannan aikin uwargidansa ne, shi nasa dubawa. In an ajiye masa faranti yakan ɗauki ƙwaya ɗaya ya murje ta tsakanin yatsu biyu, sannan ya ce, "Ruwa ya ɗan yi yawa yau," ko, "An yi saurin saukewa."

Ita kuma ta ce, "To, Malam."

Shekara arba'in tana cewa "To, Malam," kuma duk zamansu bai taɓa lura cewa kalmar tana da ma'ana fiye da goma ba.

Babbar 'yarsu, wadda take aikin jinya a asibiti, ita ta fara gane idon uwarta ya samu matsala, ranar da ta ga ta tsiyaya shayi a gefen kofi tana ci gaba da hira. Aka je aka duba, aka ce yanar ido ce ta rufe idanu biyun. Aka yi wa na dama aiki, aka sa ranar yi wa na hagu. Likita ya kafa sharaɗi: ba hayaƙi, ba tururi, ba sunkuyo, har sai ya ce an warke.

"Baba, zan riƙa aiko muku da abinci kullum," in ji 'yar.

"Ki aiko da miya," ya ce. "Amma mutumin da ya yi shekara talatin a cikin shinkafa ba za a aiko masa da shinkafa a kula ba. Mutane su ce me?"

Uwargida tana zaune da baƙin tabarau a fuska. Ta ce, "To, Malam."

Washegari da hantsi ya naɗe hannun riga ya shiga sito. Ya murɗe ganga ta farko, wadda aka ci ta kusa rabi, ya nitsa gwangwani ya ɗebo uku a roba. Da bai yi niyyar wankewa ba, don a ganinsa shinkafarsa ta fi ruwan famfo tsabta, amma ya tuna yana jin ƙarar ruwa kafin a ɗora tukunya. Ya zuba ruwa. Wasu 'yan baƙaƙen abubuwa suka taso sama. Ya ce a ransa ƙaiƙayi ne. Sai ya ga ƙaiƙayin yana da ƙafafu, yana ma ƙoƙarin kama bakin roba.

Ya ƙara dubawa da kyau. Sannan ya ɗauki robar ya nufi falo, ya ajiye a gaban matar da ba ta gani sosai.

"Akwai wani abu a cikin shinkafar nan."

"Tsiyaye su za ka yi, ka sake zuba ruwa," ta ce, ko motsi ba ta yi ba. "A wanki na uku suke ƙarewa."

"Su wa?"

"Baƙinka."

Ya nemi kujera ya zauna. "Tun yaushe?"

"Tun Auta tana goye."

Auta kuwa a lokacin 'ya'yanta biyu.

"Ai ina dubawa duk wata," ya ce. "Da hannuna nake dubawa."

"Kana dubawa mana. Kuma kana rubuta ranar da za ka duba a jikin ganga. Ana gobe sai in kwashe ta sama in tankaɗe, in shanya a faranti, in mayar. Da kana zuwa aiki abin da sauƙi. Tun da ka yi ritaya sai na jira ka tafi shagon mai aski karanta jarida."

Sufeto ya san wannan dabarar. Ita ce direbobi suke yi masa, su jera buhuna masu kyau a bakin mota. Ya kama mutum fiye da ɗari da ita. Bai taɓa zaton a gidansa ake yin wadda ta fi kowacce daɗewa ba.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Ka taɓa tambayata? Cewa ka yi babu. Ni kuwa ban ga abin da zai sa in ƙaryata maigida a gaban baƙi a kan ƙwaro ba. Shinkafar da ta shekara biyu a ɗaki mai zafi, Malam, ko a akwatin ƙarfe ka sa ta, da ƙwansu take shigowa."

Wannan ma ya sani. Ya sha faɗa wa yaran aiki. Bai dai taɓa ɗauka cewa ilimin ya shafi gangunansa ba.

Ya koma kicin. Ranar bai nemi shawara ba, ita ma ba ta bayar ba. Ya ɗora tukunya, ya ƙure wutar gas, ya tsaya a kanta da ludayi. Duk bayan minti biyu sai ya buɗe ya duba, ya juya, ya ɗebo ƙwaya ya tauna. Abin da ya sauke hawa uku ne: ƙasa ƙanzo baƙi ƙirin, tsakiya ta caɓe, sama kuwa tana nan yadda ya san ta a ma'ajiya, tana cewa ƙas. Suka ci burodi da miya.

Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. A rana ta biyu ya ɗauko kujera da kansa ya ajiye mata a ƙofar kicin, ta zauna ta ba murhu baya saboda tururi.

"Gwangwani uku na shinkafa, ruwa nawa?" ya tambaya, da biro da takarda a hannu.

"Ni ban taɓa aunawa ba. Ka baje ta a tukunya, ka ɗora kan yatsa a samanta, ruwa ya kawo gaɓar farko. In ta gangar nan ce ka ɗan ƙara, tsohuwa ta fi shan ruwa."

"Ɗan ƙara nawa?"

"Ɗan ƙara."

Ya yi yadda ta ce, ta caɓe. Ya sake washegari, ta sake caɓewa. Sai a rana ta huɗu, yana wanke hannu, ya kalli yatsunsa zara-zara ya gane inda gizo yake saƙa. Ya je ya ɗauko rula a jakar makarantar da jikansu ya bari, ya ce ta miƙo hannu. Ya auna gaɓar yatsarta, ya auna tasa, ya ga bambanci. Ya sa wuƙa ya yi tsaga a jikin cokalin katako daidai tsawon tata. Rabon da ya riƙe hannunta haka ya daɗe, ya kuma lura da tabon ƙuna biyu a bayan hannun da bai san lokacin da aka yi su ba. Bai yi maganarsu ba. Ya dai rubuta awon a takarda.

Sauran darasin da kunne ta koyar da shi.

"Rage wuta," ta ce, tana fuskantar tsakar gida.

"Ta yaya kika sani?"

"Tukunyar ta sauya murya. Da tana surutu, yanzu ta koma gunaguni. Rufe ta, ka rage wutar ƙasa sosai."

Ya rufe. Bayan jimawa kaɗan hannunsa ya tafi wajen murfi.

"Malam, kada ka buɗe."

"Dubawa kawai zan yi."

"Tururin da za ka saki shi yake dafa ta sama. Ba buhu ba ne. Ka bar ta."

Ga mutumin da ya ci abinci shekara talatin da buɗe abin da aka rufe, wannan ya fi komai wuya. Yakan goye hannuwa a baya ya yi ta zagaya murhu. Ko an kashe wuta ma ba a gama ba, sai ta ce a bar ta a rufe ta huta minti goma, sannan a warware ta da cokali mai yatsu a hankali, kada a karya ƙwayar.

A rana ta tara ya ɗaga murfi ya ga abin da yake gani a farantinsa shekara arba'in yana zaton haka shinkafa take zuwa: fara sol, wara-wara, kowace ƙwaya ta miƙe ta yi tsawo, ba wadda ta manne da 'yar uwarta. Ya zuba a faranti ya kai mata da hannu biyu. Ta lalubo ƙwaya ɗaya, ta murje ta tsakanin yatsu.

"Ruwa ya ɗan yi yawa," ta ce.

Ya dubi farantin. Can ya ce, "To."

Da abin ya tsaya nan da an rabu lafiya. Amma Sufeto ba ya iya sanin abu shi kaɗai. Kafin mako biyu mai aski ya san yadda ake rage wuta, mai gadin layi ya san amfanin cokali mai yatsu. Da ranar aikin ido na biyu ta zo, 'yar ta tafi da uwarta gidanta don ta kwana uku a kusa da asibiti, sai ya ga dama ta samu. Ya gayyaci tsofaffin abokan aikinsa biyu cin abincin rana: mai sikelin ma'ajiya, da wani tsohon direba da suka daɗe da shiryawa bayan sun sha rigima a bakin mota.

Yana so su ci girkinsa, amma ba ya so su same shi a kicin da gumi. Don haka ya dafa tun ana gobe da safe. Ta yi kyau fiye da kullum. Ya juye ta da zafinta a babbar kula, ya danne murfi ya kulle, ya kai sito ya ɗora a kan katako, ya bar tazarar tafin hannu da bango. Har takarda ya manna mata. A iya saninsa ya cika duk sharuɗɗan ajiya: a rufe, a inuwa, ba a ƙasa ba. Firji yana nan a falo yana ta gurnani, ba komai a ciki sai ruwa da miya. Lokacin zafi ne kuwa.

Washegari da rana ya buɗe kula ya ji wani ɗan wari-wari, ya ga ta ɗan yi danshi. Hancinsa ya san warin laima a buhu, ya san na fumfuna, amma wannan bai san shi ba, saboda haka ya yanke hukuncin ba komai. Ya ɗumama ta sosai, ya zuba miya. Baƙi suka zo, suka ci, suka ƙara. Shi kuwa bayani ya hana shi ci, cokali biyu ya kai baki tsakanin labarin gaɓar yatsa da na muryar tukunya.

Da safe direban ya kira shi a waya, murya a shaƙe.

"Sufeto, ka tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"To kai kaɗai. Ni tun jiya da la'asar nake safa da marwa tsakanin ɗaki da bayi. Mai sikeli kuwa yana asibiti ana ƙara masa ruwa. Ka tuna shekarar da ka mayar mini da mota guda, ka ce shinkafar ba ta dace da cikin ɗan Adam ba? Ashe taka kake ajiye mini."

Asibitin da 'yarsa take aiki aka kai mai sikeli, don haka labari ya riga shi isa. Ta tare shi a baranda cikin fararen kaya, ta ja shi gefe.

"Baba, dafaffiya ba ɗanya ba ce. In za a ajiye ta, a baje ta a faranti ta huce da wuri, a sa a firji kafin sa'a ɗaya ko biyu, a cinye cikin kwana ɗaya ko biyu. In ta wuni ta kwana da ɗuminta a rufe, akwai abin da yake tsirowa a ciki, kuma ɗumame ba ya kashe dafinsa."

"Mamanki ba ta gaya mini ba."

"Ta ce ba ka tambaya ba."

Ya shiga ɗakin ya zauna a gefen gadon mai sikeli. Mutumin ya faɗa, idanu sun zurma, robar ruwa tana ɗiga a hannunsa. Sun yi shekara ashirin da biyar suna aiki a rumfa ɗaya, kuma bai taɓa jin Sufeto ya ce ya yi kuskure ba, don haka da ya ji ya ce, "Laifina ne, ka yafe mini," sai ya ɗago kai ya dube shi da kyau.

"Sake faɗa," ya ce. "Kunnen nan nawa ba ya ji sosai."

Sufeto ya sake faɗa. Ya wuni a wurin yana yi masa fifita, yana miƙa masa ruwa. Bayan kwana biyu aka sallami mai sikeli. Har yau suna zumunci, sai dai in ya zo gidan yakan ce ya ci abinci kafin ya fito.

Idon uwargida ya warke tas. Ranar da likita ya sake ta, ta tsaya a tsakiyar kicin tana kallon bangon da ta bari fari a tunaninta, ta ga ashe ya yi shekaru da yin baƙi. Ta juyo ta kalli mijinta ta ce ashe shi ma ya tsufa haka ba wanda ya gaya mata. A makon nan suka shanya shinkafar ganga biyu a rana, suka tankaɗe, suka rarraba wa maƙwabta da bayanin cewa a wanke sau uku. Gangunan suka koma na tara ruwa. Tun daga nan abin da za su ci a wata ɗaya yake sayowa, ya zuba a bokiti mai murfi. Kicin kuwa bai fita ba. Suka raba aiki: shi wanki da awo, ita wuta. Duk hantsi sai an ji muryoyinsu ta taga suna musu a kan ko ta yi ko ba ta yi ba.

Auta ce ta ji musun ya ishe ta. Ta zo wata rana da kwali, ta fito da tukunyar lantarki mai dafa shinkafa da kanta.

"Ku zuba, ku danna nan, ku je ku zauna," ta ce. "In ta gama za ta kashe kanta. Ba sauran faɗa."

Aka gwada a gabanta. Tukunya ta yi aikinta shiru, ta ce ƙit, ta tsaya. Aka buɗe, shinkafa wara-wara, ba abin da za a kushe. Tsofaffin biyu suka ci, suka sa mata albarka, ta tafi tana murna.

Da ƙarar motarta ta ɓace, Sufeto ya leƙa gindin tukunyar.

"Ba ta yin ƙanzo," ya ce.

"Na gani. In jikoki sun zo me za su kankare?"

"Kuma ba ta da murya. Mutum bai san abin da take ciki ba."

"Ai abin da ba ya magana abin tsoro ne."

Rabon da su yarda da juna da sauri haka har sun manta. Ya taka kujera ya ɗora sabuwar tukunyar a saman kabad. Duk ranar da Auta ta yi waya ta ce tana tafe, sai ya sauko da ita, uwargida ta goge ƙura, a jona. Auta ta yi ta ba dangi labarin yadda ta sauƙaƙa wa iyayenta rayuwa.

Wata ranar Laraba Auta ta biyo ta unguwar ba ta yi waya ba. Ta same su a kicin, uban yana riƙe da cokalin katako, uwar tana kasa kunne ga tsohuwar tukunya. Ta ɗaga kai ta ga tata a saman kabad, wayarta a naɗe, murfin a karkace. Ta miƙa hannu ta sauko da ita. Cike take da albasa.

"Mama, mene ne wannan?"

"Albasa ce," in ji uwar. "Ba ki ga yadda ta bushe da kyau ba? Tukunyar nan taki akwai albarka. Jawo kujera, saura minti goma mu sauke."